Ba Ƙazanta Ba Ce: Ciwon da Ya Same Ni Shekarar da Aka Yi Mini Amarya

Ni malamar firamare ce a nan Kano, muna zaune a Ɗorayi da maigidana da yaranmu. Na daɗe ni kaɗai a gidan kafin Malam ya ƙaro aure. Ba zan ce ban ji zafi ba, na ji, kishi kumallon mata ne. Amma ba labarin kishi na zo bayarwa ba. Labarin wani ciwo ne da ya kama ni a daidai wannan tsakanin, na yi ta ɓoyon sa wata da watanni, har ya kusa shiga tsakanina da yarinyar da ba ta san hawa ba balle sauka.

Duk 'yar Kano ta san abin da ke biyo bayan sa ranar auren miji. Dangin uwargida sai su tashi tsaye, wai a gyara ta kada amarya ta zo ta yi mata fintinkau. Gwaggona ce ta ɗauki ragamar nawa gyaran. Ta shiga Kurmi ta haɗo sassaƙe-sassaƙe, wata mai kayan mata a unguwarsu ta cika saura. Na ci da na sha ba su dame ni ba: tsimi, gumba, kazar da aka dafa da magani. Na ƙasa ne suka yi yawa. Akwai ruwan bagaruwa na tsarki safe da yamma, akwai alif, akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle baƙaƙe da ake matsawa a kwana da su, ga tsuguno a kan kasko bayan kowane wanka, ga miski da aka ce kada in kuskura in yi wasa da shi. Gwaggo ta ce, "Ke dai ki riƙe wuta, 'yar nan. Mace sai da gyara." Na riƙe kuwa, har bayan an kawo amarya ban sassauta ba.

Ba a daɗe da tarewarta ba na fara ganin ruwa yana fito mini. Ɗan danshi kowace mace tana gani, ba baƙon abu ba ne. Wannan dabam yake. Tsinkakke ne, ba fari sol ba, ya ɗan yi toka-toka, kuma yana jiƙa kamfai. Ƙaiƙayi kusan babu, zafi babu, ƙuraje babu. Abin da ke akwai shi ne ƙarni, ƙarnin ɗanyen kifi. Ya fi tashi da safiyar kwanan girkina, da kuma ranakun da al'ada ke shirin ɗaukewa.

A aji na daina zagayawa tsakanin yara ina duba littattafansu, sai in ce kowa ya kawo nasa tebur. A adaidaita sahu in matse ƙafafu, in ja hijabi in rufe cinya, kuma duk matar da ta juya fuska wajen titi sai in ce saboda ni ne. Jakata ba ta rabuwa da kamfai na canji da kwalbar turare, kafin kowace sallah sai na canza. A Islamiyya na koma sahun baya, daga baya na ɗauke ƙafa gaba ɗaya, na aika wa malama cewa aiki ne ya yi mini yawa.

Malam mutum ne mai kawaici. Wata asuba ya gama alwala zai fita masallaci, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗan shaƙi iska, ya ce, "Maman yara, ko yaran nan sun shigo da kifi ɗakin nan ne?" Wallahi da zuciya ɗaya ya tambaya. Na ce zan duba. Yana fita na shiga banɗaki da sabulu da Dettol, na yi wankin da ban taɓa yi ba, har can ciki, sai da wurin ya ɗau zafi. Ranar na samu sararawa zuwa azahar. Kafin magariba abin ya dawo, ya ma fi na da.

Da na gaji na faɗa wa Gwaggo, ko numfashi ba ta ja ba ta ce sanyi ne, kuma amarya ce ta zo da shi, "yaran yanzu in ka gan su ka ƙyale su." Wata abokiyar aikina ta ce infekshan ne na banɗakin makaranta, ita ma ta taɓa yi. Mai kemis ɗin da na aika wa takarda ta hannun yaro, don ba zan iya tsayawa a gabansa in faɗa ba, ya aiko da ƙwayar matsawa da kafso. Babu canji. Sai wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, inda aka miƙo mini tsinke mai auduga a kai, aka ce in shiga banɗaki in ɗebo da kaina. Da sakamako ya fito aka ce wata ƙwayar cuta ce mai suna staf, kuma mai taurin kai, aka rubuta allurai masu tsada. Na sha su har zama ya gagare ni. Ga na gora da ake talla a rediyo, wanda aka ce yana wanke sanyi kowane iri, na mara da na ƙashi da na jijiya. Albashin malamin firamare kowa ya san shi, kuma lokacin ne magani ya yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin mai. Kwasar adashina can ta tafi.

Da duk wannan bai yi ba sai Gwaggo ta sauya magana. Ta ce ai wannan ba na asibiti ba ne, jifa ne, an sa mini wari don a raba ni da mijina. Ta kawo rubutu da hayaƙi, ta ƙara da cewa in riƙa tsarki da ruwan kanwa mai ɗumi, wai tana kashe wari. A raina ban gama yarda da maganar jifa ba, amma ban ƙaryata ba. Na ware butata, na sa wa banɗakina kwaɗo. Yarinyar nan kullum za ta durƙusa har ƙasa, "Yaya, ina kwana," ni kuwa da ƙyar nake amsawa.

Ƙanwata ce ta fasa ƙwan. Ungozoma ce a wani asibitin karkara, ta zo mana hutun Sallah. Ta shiga banɗakina ta fito tana kallona. "Yaya, wannan kemis ɗin da kika buɗe a banɗaki na mene ne?" Na so in waske, ta ƙi. Da na gama zayyana mata, abin da ta tambaya kawai shi ne ko yana ƙaiƙayi, kuma ko ya fi tashi bayan kwanan girki. Sai ta nemi leda ta kwashe kwalabe da ƙulle-ƙullen tas. Ta ce in bari al'ada ta ɗauke, kada in sa komai a ciki, kada in wanke ciki, kuma daren da za a wayi gari a tafi in ba Malam haƙuri, domin duk waɗannan suna ɓata gwaji. Ita da kanta ta raka ni babban asibiti, ɓangaren mata.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta yi mini tambayoyin da ko da Umma ban taɓa irin hirar ba. Launin ruwan, kaurinsa, lokacin da ya fi zuwa, ko ina tsarin iyali kuma wane iri, ko akwai ciwon mara ko zazzaɓi ko ganin jini bayan saduwa, mu nawa ne a wurin maigida, me nake sawa a ciki. Da na fara lissafa kayan Gwaggo ta ajiye biro ta saurara har na kai kan kanwa. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To Malama, hau gado mu gani."

Ta sa wani abin roba da ake buɗe gaba da shi don a ga ciki har bakin mahaifa. Tana dubawa tana gaya wa ƙanwata abin da take gani: ruwan ya shafe bangon farji baki ɗaya, amma wurin bai yi ja ba, bai kumbura ba. Ta ɗebo da auduga ta goga a jikin wata 'yar siririyar takarda. Takardar ta sauya launi, ta kara ta da jerin launukan da ke jikin kwalin, ta ce ya haura 5. Ma'aunin tsami ne, kuma na mace mai lafiya tsakanin 3.8 da 4.5 yake tsayawa. Lambar na hawa, tsamin na raguwa. Daga nan ta shafa sauran a kan ɗan gilashi, ta ɗiga masa wani ruwan sinadari ɗigo ɗaya. Ƙarnin nan da na ƙarar da kuɗi da turare ina ɓoyo ya tashi a ɗakin, a gaban mutum biyu. Na sunkuyar da kai. Ita kuwa cewa ta yi, "Yauwa," ta rubuta a kati.

Gilashi na biyu aka kai ɗakin gwaji, aka duba da madubin likita. Abin da ake nema shi ne ƙwayoyin fatar farji waɗanda bakteriya suka yi musu caa, har gefensu ya dushe ba a ganin iyakarsu. An same su da yawa. Likitar ta ce alamomi 4 ne ake dubawa: irin ruwan, raguwar tsami, tashin ƙarni idan an ɗiga sinadarin, da waɗannan ƙwayoyin. Wani likita mai suna Amsel da abokan aikinsa ne suka tsara su a Amurka a 1983, kuma in an samu 3 a ciki magana ta ƙare. Ni duka 4 na cika. Ta ce akwai wata hanyar ta 1991 da ake rina gilashin a ƙirga ƙwayoyin a ba da maki daga 0 zuwa 10, daga 7 zuwa sama ciwon ya tabbata, amma nawa bai buƙaci a kai can ba. Sunansa a wurinsu bakteriyal bajinosis, suna taƙaita shi da BV.

Bayanin da ta yi mini shi ne abin da na fi so 'yan'uwana mata su ji, don ban taɓa jin sa a bakin kowa ba, har a makarantar horon malamai.

Ta ce, "Malama, gaban mace ba wurin da babu komai ba ne. Allah Ya ajiye wasu ƙananan halittu a ciki, miliyoyi, ana ce musu laktobasilas. Danginsu ne ke sa madara ta zama nono. Aikinsu su sa wurin ya yi tsami, tsamin nan kuma shi ke hana sauran ƙwayoyi yin yawa." Sai ta dube ni. "Idan miyar yakuwa ta yi miki tsami da yawa, me kike jefa mata?"

Na ce, "Kanwa."

Ta ce, "To."

Na yi shiru. Ta ci gaba da cewa sabulu ma haka yake kashe tsami, Dettol kuma bai san na kirki da na banza ba, duka yake sharewa. Idan masu gadin, wato laktobasilas ɗin nan, suka ragu, sai wasu ƙwayoyin da dama can suna nan 'yan kaɗan su samu fili su cika wurin. Babbarsu ita ce gadnarela, wadda likitoci biyu a Amurka, Gardner da Dukes, suka bayyana a 1955, amma ba ita kaɗai ba ce, taron dangi suke yi da wasu ire-iren da ba sa son iska. Su ne ke fitar da sinadarin da ke ƙarni, kuma shi ne dai sinadarin da ke tashi a jikin kifi idan ya kwana. Muddin akwai tsami yana kwance, da zarar wani abu mai kashe tsami ya taɓa shi sai ya tashi. Maniyyi yana kashe tsami, jinin al'ada ma haka. Shi ya sa safiyar girki da ƙarshen al'ada suka fi muni. Ɗigon da ta yi a kan gilashi ma aikin da ya yi kenan. Wato duk wankin da nake yi in samu sauƙin rabin yini, masu gadin nake ƙara korewa.

Na tambaye ta banɗakin makaranta. Ta ce ba a ɗaukar wannan a banɗaki, ko a buta, ko a zanin gado. Na tambaye ta staf ɗin da aka yi mini allurai dominsa. Ta ɗan girgiza kai, ta ce staf yana zaune a fatar mutane masu lafiya da cikin hancinsu, kuma audugar da mace ta tura da kanta a tsugune tana iya gogar fata ta kwaso shi. Ta ce shuka ƙwayoyi a ɗakin gwaji ba ita ce hanyar gane BV ba, domin ita kanta gadnarela ana samun ta a jikin mata da yawa da lafiyarsu ƙalau. Ƙwayar matsawar mai kemis kuwa ta wani ciwon ce dabam, kandida, wadda ruwanta fari ne mai kauri gudaji-gudaji, ga ƙaiƙayi mai hana barci, amma ba ta ƙarni kuma tsamin wurin bai taɓuwa. Akwai kuma tirikomonas, mai ruwa ɗorawa ko kore-kore mai kumfa, wanda ta saduwa ake ɗauka, dole a yi wa miji da mata magani. Akwai masu kama bakin mahaifa waɗanda sau da yawa ba sa nuna komai sai sun yi ɓarna. Mu duka sanyi muke ce musu. Sunan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne mai sayar da gora ɗaya ya ce ta isar wa dukkansu, da mai rubuta allura bai leƙa ya gani ba.

Sai na yi tambayar da ta kawo ni tun farko. "Likita, don Allah ki faɗa mini gaskiya. Kishiyata ce ta sa mini?"

Ta ce, "Ba zan ce miki e ba, ba zan ce miki a'a ba." Ta ce abu biyu ne suka faru da ni a lokaci guda, kuma kowanne shi kaɗai ya isa. Na farko kayan da nake turawa ciki. Na biyu, duk lokacin da aka samu sabon mutum a shimfiɗa, ƙwayoyin jikin kowa sukan gauraya, kuma namiji yana iya ɗauke da su a fatar gabansa ba tare da ya ji komai ba. "Amma hanyar nan da zuwa da dawowa ce, Malama. Kamar yadda zai iya kawo miki, haka zai iya kai mata daga wurinki." Ta ce matan da suke su kaɗai a wurin mazajensu ma suna cika layinta da wannan ciwon, kuma ba shaidar cewa wani ya yi abin da bai dace ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata 23 zuwa 29 cikin 100 na masu shekarun haihuwa suna da shi, da yawansu ba su ma sani ba don ba ya nuna musu alama. Shan taba yana ƙara kawo shi, haka robar mahaifa mai jan ƙarfe ta tsarin iyali a wasu matan.

Ba ta bar ni na raina shi ba kuma. Ta ce ga mai ciki yana ƙara haɗarin fashewar faya da wuri, da haihuwar bakwaini, da ɓari. Yana sauƙaƙa wa ƙanjamau da sauran cututtukan saduwa hanyar shiga. Kuma in aka yi wa mace wankin ciki ko aikin mahaifa alhali tana da shi, ƙwayoyin suna iya haurawa sama.

Da ta miƙo takardar magani sai da na sake karantawa. Metronidazol ne, wato Flagyl ɗin nan da ke cikin kowane gida, wanda ake sha in ciki ya ɓaci. Miligiram 400, safe da dare, kwana 7. Duk cikin abin da na saya a kan ciwon nan shi ne mafi araha. Ta ce in sha bayan na ci abinci, kuma ko na ji sauƙi kada in tsaya sai ya ƙare. Yana da wuyar sha, ba zan ɓoye ba: bakina ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe, shayi ma ba ya daɗi, ga tashin zuciya da safe. Ta ce tsarki da ruwa zalla, a waje kawai, daga gaba zuwa baya, ciki kuwa shi ke wanke kansa. Na ce to miski fa, ai ya zo a hadisi. Ta ce ita ba malamar addini ba ce, amma abin da ta sani ya zo shi ne ɗan miski a auduga a bi gurbin jini bayan wankan haila. Turawa ciki kullum dabam, balle haɗin da ba wanda ya san me aka zuba a kwalbar.

Kafin in kai ƙarshen maganin ƙarnin ya ɗauke ɗif. Na koma Islamiyya, na koma zagaya aji.

Bayan 'yan watanni ya dawo. Dama likitar ta gargaɗe ni cewa fiye da rabin matan da aka yi wa magani yakan dawo musu kafin shekara ta zagayo, domin ƙwayoyin suna yin wani yauƙi su manne a bangon farji, magani bai cika ratsa shi duka ba, kuma masu gadin ba sa dawowa da wuri. Amma sani dabam, ji a jiki dabam. Na zauna a bakin gado na yi kuka, domin wannan karon ban taɓa ko ɗaya daga kayan da aka hana ni ba. Na koma, aka sake aunawa, aka sake ba ni magani, ya tafi, ya kuma dawowa.

A wannan zuwan ne likitar ta ce akwai sabuwar magana. Shekara da shekaru likitoci suna cewa ba sai an yi wa miji magani ba. Sai a watan Maris na 2025 aka fitar da sakamakon wani bincike daga Ostareliya, a kan ma'aurata 164. Inda aka yi wa mace kaɗai magani, ciwon ya dawo wa 63 cikin 100 a cikin mako 12. Inda aka haɗa da namiji, ya sha ƙwayar kuma ya shafa wani man kilindamaisin a fatar gabansa kwana 7, 35 cikin 100 ne ya dawo musu. Bambancin ya yi yawan da aka tsayar da binciken tun kafin lokacinsa. Sai ta ce, "Amma fa duk waɗanda aka gwada mace ɗaya ce da namiji ɗaya. Irin gidanku ba ya ciki. Hankali dai yana ba ni cewa in za a yi, sai an duba ku duka uku."

Faɗa wa Malam bai yi wuyar da na zata ba. Na bari ya ci abinci, na ce likita tana son ganin sa. Ya ce, "Ni fa lafiyata ƙalau, Maman yara. Kuma ai da kaciyata." Na ce ta san da haka, ta ce kaciya tana ragewa amma ba ta hanawa gaba ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Dama abin da ke damun ki kenan tun bara? Na ɗauka fushin auren ne bai huce ba." Ya je. Da ya dawo sai ya ce maganar amarya kuma ni zan yi mata, shi ba zai iya ba. Maza kenan.

Na same ta da la'asar tana tsintar shinkafa a ƙofar ɗakinta. Rabona da shiga ɗakin tun ranar buɗar kai. Ta shimfiɗa mini darduma tana ta rawar jiki, ta ɗauka laifi ta yi. Ɗakin ya turnuƙe da turaren wuta, kasko biyu, da rana tsaka. Ina ganin haka na san amsar tun ban tambaya ba. Na fara da nawa, na faɗa mata komai, har maganar kifin da Malam ya yi. Ta rufe fuska da mayafi. Can ta ce, "Yaya, wallahi ni ma haka. Tun ina wata biyu a gidan nan." Ashe ita ma an yi mata gyaran amare da matsi da tsuguno tun kafin a kawo ta, kuma da abin ya fara sai aka ce mata a gidansu uwargida ce ta yi mata jifa, kada ta yarda ta taka inda na zubar da ruwa. Na ce, "Ni kuma aka ce ke ce." Muka kalli juna. Ita ta fara dariya, hawaye na zuba.

Gwajinta ya nuna BV, ya kuma nuna ƙaramin ciki da ita kanta ba ta tabbatar ba. Likitar ta ce maganin ba ya cutar da ciki, ta rubuta mata, ta ce ta fara zuwa awo da wuri ta kuma faɗa musu. Aka sa mu fara magani rana ɗaya mu uku, da sharaɗin kowa ya kama kansa har a gama. Malam ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin zaure, yana ta mitar ɗacin baki, yara suna tambaya ko Baba i'itikafi ya shiga.

Amarya tun daga nan ba ta sake gani ba. Ni kuwa ya ɗan leƙo mini bayan wata al'ada, bai kai na da ba. Likitar ta ce kada in sayi Flagyl da kaina duk lokacin da na ga ruwa, in zo a auna, domin bayan shan maganin kandida takan samu fili, kuma ita nata maganin dabam ne. Yanzu ta ɗora ni a kan na matsawa, mai kama da man shafawa, sau 2 a mako na wasu watanni, don a ba masu gadin lokaci su dawo. Ina kai har yanzu. Ba kowane kemis ke ajiye shi ba a wajenmu, sai Malam ya biya ta cikin gari in ya taso kasuwa, kuma takardar likitar yake miƙawa, don har yau ya ƙi koyon sunan.